Ɗana, shaidarka tana cikin kwanon sarki

Ka tambaye ni yadda za ka zama Kirista abin koyi a wurin aiki, ko ka riƙa tara leburori kuna addu'a kafin a fara gini. Addu'a ba laifi, yi abinka. Amma ɗana, a wurin gini hannunka ake kallo kafin a saurari bakinka. Ku yaran yanzu kun ɗauka in mutum ya saki waƙar yabo a waya tun safe har yamma, ya gama ba da shaida. Waƙa tana tashi, siminti yana raguwa a cikin kwaɓi.

Tambayar nan taka ta tono mini wani abu da har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Akwai wani magini tsaranmu, mai hannu na gaske, wanda ya karɓi aikin zuba dekin na bene hawa ɗaya. Mai gidan ɗan ikilisiyarsu ne, ba ya kiransa sai da "ɗan'uwa cikin Ubangiji". Zanen ginin ya ce rodi mai milimita 12, kaurin kankare inci 6. Ranar ɗaure ƙarfe sai ga rodi mai milimita 10, wai kasuwa ta yi tsada, Allah zai riƙe. Magini ya ji nauyinsa, ya yi shiru.

Aka zo ranar zubi. Kwaɓin dekin sananne ne: buhun siminti ɗaya, yashi kwanon sarki 4, tsakuwa kwano 8, domin buhu mai kilo 50 kwano biyu yake cikawa. Mai gida ya tsaya a bakin sito da makulli a hannu, ya ce a yi 6 da 12, irin kwaɓin da ake shimfiɗawa a ƙasan tushe. Da kwaɓin ya yi gautsi ya ƙi bin shebur, sai leburori suka yi ta antaya masa ruwa. Ruwan da ya wuce kima kuwa in ya bushe ƙananan ramuka yake bari a cikin kankare, ƙarfinsa ya tafi. Magini yana gani, ya sake yin shiru.

Kwana 10 kacal mutumin nan ya aiko a cire tokara, don ya mayar da katakon haya kada kuɗi su ƙaru. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, mu kuwa ba ma taɓa tokarar dekin kafin kwana 21. Aka fara ɗora bulon sama, tsakiyar falo ta lotsa, tsaga ta fito daga ƙasa har kana iya cusa bakin cokalin gini. To ka san abin da ɗan'uwan nan ya yi? Gaban dattawan ikilisiya ya kai ƙara, wai magini ya sayar masa da siminti. Babu takarda, babu mai shaida. Ya riƙe cikon kuɗin aiki, magini ya sayar da babur ɗinsa ya sallami leburori, ya yi shekaru ba mai ba shi ko ginin katanga a unguwar. Aka zubar da mutuncin mutumin kirki a kan kuɗin hayar katako.

Mai gidan azzalumi ne, ba na shakka. Amma maginin ma yana da nasa kason, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Kunyar da za ta sa ka yi shiru a kan rodi ba tawali'u ba ce, domin 'ya'yan mutane ne za su kwana a ƙarƙashin rufin nan. In mai gida ya ce a rage, ko Fasto ne, ka gaya masa cikin ladabi abin da zai faru, a gaban mutum biyu. Ka rubuta yawan buhu, girman rodi da ranar cire tokara a littafi, ya sa hannu. In ya nace, ka tattara cokalinka da gudumarka ka bar masa aikinsa. Gara ka kwana da yunwar mako guda.

Karin Magana 11:1 ta ce Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zamba. A wajenmu ma'aunin nan shi ne kwanon sarki. Ka cika shi daidai ko mai gida yana tsaye ko yana Legas. Kowace yamma ka tara buhunan da aka juye, ka ƙirga a gaban mai gadi, ka ɗaure su goma-goma, su ne shaidarka. In an aike ka sayen kaya, mai shago zai tambaye ka nawa za a rubuta a rasit. Ka ce abin da ka biya. Ranar da ka karɓi ƙari sau ɗaya, bakinka ya mutu a gabansa, kuma duk 'yan layin za su sani kafin ka kai gida. Wajen buga bulo mai inci 9, buhu ɗaya kada ya wuce bulo 30. Masu fitar da 50 ƙasa suke sayar wa mutane, kana ɗaga bulon yana marmashewa.

Sai abin da ido ba ya gani. Biskit, wato ɗan guntun kwaɓin siminti da ake sawa a ƙarƙashin rodi don ya ɗaga shi daga kan katako, mai kaurin kusan inci ɗaya, yaran yanzu ƙyuya take hana su sawa, tunda kankare zai rufe. In rodi ya kwanta a kan katako, danshi zai kai gare shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya ɓare kankaren daga ƙasa bayan 'yan shekaru. Abin da Bulus ya gaya wa Kolosiyawa ke nan a sura 3 aya 23, a yi aiki kamar Ubangiji ake yi wa. Jan igiya da duba miƙewar bango kuwa ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda ya yi wata shida bai iya ba, ya koma gona.

Lebura ka biya shi ranar da ya yi aiki, kafin rana ta faɗi, haka Maimaitawar Shari'a 24:15 ta umarta, don da kuɗin nan zai sayi garin tuwon dare. Abokan aikinka Musulmi kuma ka san lokutansu. Kada ka fara zubin dekin da hantsin Juma'a, domin zubi ba ya son tsayawa. In rabi ya fara kamawa kafin a dawo daga masallaci, mahaɗar za ta zama wurin tsaga da yoyo. Da azumi a fara da sassafe a tashi da wuri.

In kuwa ka zuba kankare ranar Asabar, kada ka ce Lahadi ranar hutu ce ka bar shi da ƙishi. Kwana 7 na farko yana bukatar ruwa safe da yamma, balle da hunturu da iska take tsotse danshi. Ka rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, ka tashi da asuba ka ba shi ruwa, ka yi wanka ka tafi sujada.

Gobe ƙarfe shida ina son in same ka a bakin sito da littafi da biro. Wayar nan kuma ta zauna a aljihu.