Amsa ga mai tambaya kan fitar da man girki daga ƙwallon mangwaro

Hajiya, na ga tambayarki cewa ƙwallon mangwaro na taruwa miki bayan kin haɗa lemo, ko za a iya matse man girki a cikinsa. Akwai mai a ciki, amma wahalar ta fi ribar. Na taɓa gwadawa da ƙwallon da na kwaso a kasuwar 'Yan Lemo. Na fasa, na shanya, na kai inji, na tuƙa har kafaɗata ta riƙe, abin da ya fito bai rufe gindin kofi ba, kuma yana hucewa ya daskare kamar man kaɗanya. Man da ke cikin ƙwayar mangwaro bai wuce kashi 10 cikin 100 ko sama da haka kaɗan ba, shi ya sa masana'antu suke zuƙo shi da sinadari.

In mai kike so, ki koma kan aduwa. Ƙwayar cikinta ta ninka ta mangwaro mai sau uku ko huɗu. Aikin yana wurin fasawa, don ƙwallon tauri ne da shi, sai dutse ko guduma, kuma ki kula da yatsunki. Ƙwayar tana da ɗaci, saboda haka ki jiƙa ta kina sauya ruwa, ko ki tafasa ki zubar da ruwan, sannan ki shanya ta bushe ƙarau. Duk wadda ta yi hunhuna ki tsince ki yar, guba ce, wuta ba ta kashe ta.

Daga nan hanyar man gyaɗa ce. Ki soya sama-sama, kar ta ƙone, a niƙa, ki riƙa yayyafa ruwan zafi kina tuƙawa da muciya har man ya taso ya bar tunkuzar. Nan mutane ke gaggawa su tuttula ruwa, sai kayan su koma kunu. Ki ɗora man a wuta kaɗan har ya daina kumfa, ki tace da farin ƙyalle, ki zuba a busasshiyar kwalba.

Agushi ma yana ba da mai sosai, sai dai tsadarsa a kasuwar Dawanau ta sa gara a yi miya da shi. 'Ya'yan gwanda da na kuka kuwa ban ba ki shawarar girki da mansu ba, ki bar su a shafawa. In sayarwa za ki yi a kwalba, ki nemi rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, tukuna.