Ku Tambayi Anti: Buroshin Kwalliya Mai Tsada

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan buroshin kwalliya suka zo, kamar an haɗa baki. Na zaɓi shida. Masu tambaya a kan man shafawa ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Anti barka da aiki. Bikina saura wata uku, yayar angon za ta je Dubai haɗo lefe, ta ce in rubuta mata kayan kwalliyar da nake so. Na ga buroshi ƙwaya ɗaya tal da kuɗinsa ya fi na turmin atamfa, kuma na ga saiti mai guda 24 da bai kai rabin kuɗin ba. Me ke cikin mai tsadar nan? Wanne zan rubuta?
Daga ƙanwarki a Zariya

Amsa: Ƙanwata Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Ni ma ranar da na fara ganin irin wannan farashin dariya na yi, na ce ko da zinari aka yi shi. Sai da wata ƙawata ta shafa min ɗaya a kumatu sannan na yi shiru.

Yawancin buroshin da ake ji da su a duniya daga wani ƙaramin gari suke fitowa a ƙasar Japan, sunansa Kumano, kusa da birnin Hiroshima. Mutanen garin dubu ashirin ne da 'yan kai, amma su ke yin kusan kashi 80 cikin ɗari na buroshin da ake yi a ƙasar. Asalinsu manoma ne da ba su da wadatacciyar gona. Idan an gama aikin damina sai su tafi cin rani wajajen garin Nara, a hanyar dawowa su saro tawada da buroshin rubutu suna sayarwa, kamar dai yadda namu ke tafiya kudu su dawo da goro. A hankali suka koyi yin abin da kansu, yau shekara kusan ɗari biyu ke nan. Da mutane suka rage rubutu da buroshi, sai suka juya hannun zuwa na kwalliya. Kamfanonin Hakuhodo da Chikuhodo duk a garin suke. A 2011 da 'yan matan Japan suka ci kofin ƙwallon ƙafa na duniya a Jamus, cikin kyautar da gwamnatinsu ta ba su har da saitin buroshin Kumano. Kin ga inda suka ajiye abin.

Sirrin yana bakin gashin. Kowane silin gashin dabba yana da tsini na halitta, siriri, wanda yake ƙarewa a hankali. Masu arha tara gashi suke yi su yanke bakinsa da inji ya yi daidai, shi ya sa idan kin shafa kike jin yana sukar ki kamar sabon aski. Su kuwa mutanen Kumano ba sa yanke bakin. Tsince gashin suke yi da hannu, su fitar da karyayye da wanda ya juya baya, sannan su jera shi a cikin wani ɗan ƙoƙo har ya ɗauki siffar da ake so. Wannan wahalar ce kike biya, tare da tsadar gashin kansa. Na akuya shi ne gama-gari, yana ɗaukar hoda sosai kuma yana jure wanki. Na kurege ya fi kowanne laushi, kamar iska ke taɓa ki, amma ragon gaske ne, bai son maiƙo ko kaɗan, kuma babbansa na hoda yakan haura dala ɗari. Akwai na wata dabba mai kama da tunku da ke rayuwa a yankin Sabiriya na ƙasar Rasha, ana ce mata kolinski, da shi ake yin ƙanana na leɓe da na zana ido domin bakinsa baya bajewa.

To amma ga gaskiyar da mai shago ba zai faɗa miki ba: duk wannan daɗin a kan kayan gari yake aiki, wato hoda da jan kumatu da kalar saman ido. Idan fandeshan mai ruwa ne ko abin rufe tabo, gashin dabba shanye shi yake yi, ya cinye miki kaya, ya kuma lalace. Nan gashin roba ya fi, kuma mai kyau a cikinsa bai da tsada can. Kamfanonin Real Techniques da Zoeva da Sigma duk suna yin masu kyau.

Saitin 24 ɗin nan ki bar shi. Na sha shiga ɗakin amare in tarar da shi a kan madubi, guda huɗu sun yi baƙi da aiki, ashirin ko ledarsu ba a cire ba. Ki rubuta mata biyar: babba na hoda, na kumatu, biyu na ido (ɗaya mai faɗi na ɗora kala, ɗaya mai taushi na baje ta), da na fandeshan na roba. Idan za a kashe kuɗi a kan ɗaya, a kashe a kan na baje kalar ido. Shi ne ke raba kwalliyar da ta zauna da wadda ta yi kamar an mare ki.

Tambaya: Anti ni kwalliyar amare nake yi, ranar Asabar nakan yi wa mutum goma ko fiye, amarya da ƙawayenta. Na tara kuɗi ina so in sayi saitin gashin kurege don kwastomomi su san na ci gaba. Ya kika gani?
Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi

Amsa: 'Yar'uwa kada ki soma. Buroshin da zai hau fuska goma a yini ɗaya dole a tsabtace shi tsakanin kowace fuska, kuma abin da ake fesawa don kashe ƙwayoyin cuta sinadarin sifirit ne. Sifirit busar da gashin dabba yake yi har ya riƙa karyewa. Kurege ba zai kai miki sallah biyu ba a irin wannan aikin.

Abin da ya fi miki shi ne saiti biyu ko uku na roba masu kyau, kina aiki da ɗaya, ɗaya yana shan iska. Ki sami jaka daban ta waɗanda aka yi amfani da su, kada su koma cikin masu tsabta. Maskara da jan baki kuwa ki sayi 'yan sandunan nan da ake amfani da su sau ɗaya a yar, suna zuwa da yawa a leda. Na taɓa ganin bikin da ƙawayen amarya huɗu suka tashi da ciwon ido na afolo ana gobe buɗar kai, kuma kowa ya san daga hannun wa ya fito. Ba a sake kiran baiwar Allah nan a unguwar ba. Idan kika ga ido ja, ko ƙurji a gefen leɓe, ki ba ta haƙuri ki yi mata da auduga ki yar. Kwastoma ba ta san gashin kurege ba, amma ta san buroshi mai warin tsohuwar hoda.

Idan ranki ya biya, sayi ƙwaya ɗaya ki ajiye wa fuskarki.

Tambaya: Anti an turo mana a waya cewa duk buroshin kwalliya da gashin alade ake yin su. Gaskiya ne? Hankalina bai kwanta ba.
Daga wata uwa a zangon Kumasi

Amsa: Hajiya ba duka ba. Gashin alade kauri gare shi da tauri, shi ya sa inda aka fi samunsa shi ne buroshin fenti da wasu buroshin taje kai. Ba ya daɗi a fuska, don haka masu yin na hoda da na ido akuya da doki da kurege suke nema. Inda za ki sa ido shi ne ɗan buroshin nan mai tauri na taje gira, da kuma kayan da ba a rubuta komai a jikinsu ba. Manyan kamfanoni suna faɗin irin gashin da ke kowane buroshi. Hanya mafi sauƙi ita ce ki sayi wanda aka rubuta na roba ne, nailan ko taklon. Shi ma kamfanin MAC ya mayar da buroshinsa na roba, shi ya sa za ki ga harafin S a bayan lambar da ke jikin buroshin. Hukuncin gashin dabba a addini kuwa ba fagena ba ne, malamai za ki tambaya.

Tambaya: Anti yaya ake wanke su? Nawa na wanke sai gashin ya fara zuba a fuskata, ɗaya ma kansa ya cire gaba ɗaya.
Daga ɗalibar jami'a a Sakkwato

Amsa: 'Yata kin tuna min da abin da har yau yake min ciwo. Buroshin kurege na farko da na mallaka tsaraba ce. Na jiƙa shi a ruwan zafi da garin sabulun wanki kamar zan wanke ɗankwali, na tsayar da shi a kofi, na kai shi rana a kan katanga. Da la'asar na ɗauko wani abu kamar tsohuwar tsintsiya. Kuskure huɗu na yi a wanki ɗaya.

Gashin nan gam ne ya riƙe shi a cikin ƙarfen da ke wuyan buroshin. Ruwan zafi narkar da gam yake yi. Jiƙawa tana sa ruwa ya shiga cikin ƙarfen, itacen ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, sai kan ya fara girgiɗi. Tsayar da shi a kofi yana jiƙe kuma ruwan ne ke gangarawa ciki ya zauna. Rana irin ta Sakkwato kuwa ba sai na faɗa miki ba.

Ga yadda nake yi yanzu. Ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda za ki iya yi wa jariri wanka da shi. Kan buroshin yana kallon ƙasa, ruwa na taɓa gashi kawai. Ki ɗiga sabulun wanke kan jarirai a tafin hannu, ki riƙa juya shi a hankali kamar kina dama kunun yaro, ki ɗauraye har ruwan ya fito fari. Ki matse da tawul, ban da murɗawa, ki gyara masa siffarsa da yatsu, sannan ki kwantar da shi a bakin tebur kansa ya leƙo waje, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Da hunturu kafin dare ya bushe. Da damina babba yakan kwana biyu, kuma kada ki rufe shi a jaka da sauran danshi, zai yi fumfuna.

Na fandeshan da soso, duk mako, in da hali ma bayan kwana biyu, musamman ke mai fama da ƙuraje. Na akuya da hoda kawai yake taɓawa zai iya kai wata. Na kurege bai son wanki: ki riƙa goge shi a kan tsumma mai laushi bayan kin gama, wanka sai jefi-jefi.

Wanda kansa ya cire bai mutu ba. Idan gashin yana nan a cikin ƙarfen, ki bari ya bushe sarai, ki ɗiga gam a bakin itacen ki mayar.

Tambaya: Anti na sayi saitin MAC guda goma sha biyu a kasuwa, da jakarsa, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ƙawata ta ce jabu ne. Ya zan gane?
Daga ƙanwarki a Kaduna

Amsa: Ƙawarki ta yi gaskiya, farashin ma ya isa shaida. Lamba 217 kaɗai, ɗan ƙaramin nan na baje kalar ido da ya yi suna, na ainihinsa ya fi kuɗin da kika biya wa sha biyun. Ki ja gashin a hankali: idan ya biyo yatsunki, ko ya bar baƙi a farin tsumma mai danshi, ko ƙarfen yana motsi, ko kina jin warin roba, kin san abin da kika saya. Ki wanke su da kyau kafin su taɓa fuskarki, wanda yake suka ki ba yara su yi fenti. Gaba ki nemi na kamfanonin gida irin su Zaron ko House of Tara a shagonsu, ya fi miki jabun babban suna.

Tambaya: Anti ni tara su nake yi, yanzu sun haura sittin, wasu ban taɓa shafawa ba, kallonsu kawai ke min daɗi. Maigida ya ce almubazzaranci ne. Kuma yaya zan adana su?
Daga wata matar aure a Abuja

Amsa: Uwargida tsakaninki da maigida ba zan shiga ba, sai dai in ce iyayenmu ma sun jera kwalla da tangaran har rufin ɗaki ba a taɓa zuba miya a ciki ba, kuma ba wanda ya kai su ƙara. In dai ba kuɗin cefane ba ne, kowa da abin da ke faranta masa.

Sai dai buroshin gashin dabba ba kwano ba ne. Wanda aka ajiye ba a taɓawa shi asu ke ci, kamar yadda yake cin bargon ulu a ƙasan akwati. Ki riƙa juya su, wannan makon waɗannan, mako mai zuwa waɗancan, ko da sau ɗaya ne su sha iska. Jera su a buɗe a kan madubi yana da kyan gani, amma da hunturu ƙurar da ke sauka a kan talabijin ita ce ke sauka a kansu, da safe ki shafa ta a fuska. Ki sami durowa ko akwatin gilashi mai murfi, nesa da taga da banɗaki. Kada ki sa musu kafur, warin kama gashin yake yi ya ƙi fita. Manya na hoda ki sa musu 'yar ragar nan da ke riƙe siffa, musamman in za ki yi tafiya, kuma kada ki bar jakar a cikin mota a rana.

Tun da ke mai tarawa ce, ga labarin da zai yi miki daɗi. A Kumano duk shekara wajajen 23 ga Satumba suna bikin buroshi. Ana rataye dubbai a kan hanyar wurin ibadarsu, kuma mutane na kawo tsofaffin da suka gama aiki a ƙona su, wai godiya ce ga buroshin. Al'adarsu ce, ba tamu ba. Ni nawa idan sun tsufa share lungun madannan kwamfuta nake yi da su. Amma ki duba cikin sittin ɗin nan, na tabbata akwai goma masu kama da juna. Ƙannenki mata na nan, kuma maigida zai ga an rage.