Na sayi tsabar zinare hannun yaro a kan dubu biyar: shin ta zama tawa?

Tambaya: Barista, ina da shagon cajin waya a cikin birnin Kano. Sati biyu da suka wuce wani yaron unguwarmu, ba zai haura shekara 11 ba, ya kawo mini wata tsaba ja mai hoton Sarauniyar Ingila, a bayanta da mutum bisa doki. Ya ce in ba shi dubu biyu. Da na ji nauyinta raina ya ba ni zinare ce, sai na ba shi dubu biyar, ya tafi yana murna. 'Yan gwal sun auna, sun taya sama da naira miliyan ɗaya. Yanzu na ji kakarsa tana cigiyar wani abu da ya ɓace mata daga adaka. Ban tilasta shi ba, shi ya sa kuɗi, har ƙari na yi masa. Ina da laifi?

Amsa: Malam, abin da ka siffanta fam ɗin zinare ne na Ingila, nauyinsa giram 7.98, karat 22, irin wanda iyayenmu mata suke ajiyewa don ranar buƙata. Ka kafa hujjarka a kan cewa ciniki ya faɗa. To ta ko wace doka aka duba, bai faɗa ba, kuma tsabar nan ba ta zama taka ba ko na yini ɗaya.

Mu fara da shari'ar Musulunci, tunda in tsohuwar ta kai ƙara, da wuya ba gaban alƙali za ku gurfana ba. A mazhabar Malikiyya, yaro mai wayo yana iya ƙulla ciniki, amma cinikin ba ya lizimtarsa sai waliyyinsa ya amince. Muhtasar na Halil, sanannen littafin fiƙihun Malikiyya, ya raba su sarai: wayo shi ne sharaɗin ƙulluwa, balaga da hankali su ne sharaɗin lizimta. Wannan fa in kayan nasa ne. A nan ga alama ba nasa ba ne, saboda haka ko mahaifinsa ba shi da ta cewa. Magana tana hannun mai kaya, ta so ta sallama, ta so ta karɓi abinta. Ko da a ce babba ne ya sayar maka, da sauran rina a kaba, domin Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalanmu suke aiki da ita, ta ba wanda aka kwara damar ta da magana in bai san darajar kayansa ba, in kwarar ta kai sulusi, kuma shekara ba ta wuce ba. Kai ba sulusi ka rage ba, ko kashi ɗaya cikin ɗari ba ka biya ba.

Dokar boko ba ta fi sauƙi ba. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, ta kuma taƙaita ikonsa na shiga yarjejeniya, jihohi kuma suna da nasu kwatankwacinta. Sannan akwai tsohuwar ƙa'idar ciniki: mutum ba ya ba da abin da bai mallaka ba. Yaron bai mallaki tsabar ba, don haka ba abin da ya miƙa maka sai riƙo.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne ɓangaren laifi. Sashe na 317 na dokar Final Kod, wato kundin dokar laifuka na jihohin Arewa, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya karɓi kayan sata ko ya ci gaba da riƙe su da rashin gaskiya, alhali ya sani ko yana da dalilin zaton na sata ne. Jihohin da suka sabunta dokarsu lambar sashen tana iya sauyawa, amma laifin yana nan. Ka lura da abu biyu. Mai gabatar da ƙara ba sai ya nuna ka sani ba, dalilin zato ya isa. Ɗan shekara 11, da zinare a aljihu, yana neman dubu biyu: wane dalili ya fi wannan? Arahar da kake gani garaɓasa, ita ce shaida ta farko a kanka, ƙarin dubu ukun kuma lauyan gwamnati zai ce ya nuna ka san abin da kake saye. Na biyu, doka ta ce "riƙewa". Ko da ranar farko zuciyarka fes take, tun daga sa'ar da cigiyar tsohuwa ta shiga kunnenka kowace rana da tsabar ta kwana a shagonka tana ƙara maka nauyi. Shi yaron, doka tana sassauta wa mai shekara 7 zuwa 12 in wayonsa bai kai ya gane abin da ya aikata ba. Kai babba ba ka da wannan rigar, kuma ka san sunan da unguwa take kiran mai irin wannan saye: ɓarawon zaune.

In ma ya ce maka tsinta ya yi, ba ta sauya zane ba. Tsintuwa mai daraja cigiyar shekara guda ake mata, ba sayarwa ba.

Shawarata, kada ka sayar, kada ka bari a narkar. Muddin tsabar tana nan yadda take, gyara yana da sauƙi. In ta narke, kuɗinta na gaskiya za ka biya. Kada kuma ka kira yaron a ɓoye ka mayar masa, don in ta sake ɓata hannunsa ba ka da shaidar ka mayar. Ka sami mai unguwa ko limamin masallacinku, ku je wurin tsohuwar tare da uban yaron. A bar ta ta fara siffanta abin da ya ɓace mata kafin ka fito da shi, sannan a rubuta takarda mai kwanan wata cewa ta karɓa, shaidu biyu su sa hannu, ka riƙe kwafi. In kana son tsabar, nan ne wurin tayi: a kai wa 'yan gwal biyu ko uku su auna a gabanta, ka biya farashin ranar hannu da hannu, kamar yadda cinikin zinare yake buƙata.

Dubu biyar ɗinka kuwa, in suna nan za a mayar maka. In yaron ya kashe su a kan abin da dole a saya masa, kamar takalmin makaranta, kana iya nema daga dukiyarsa. In a tsire da kallon ƙwallo suka tafi, malaman Malikiyya sun ce kai ka ɗora shi a kan kuɗinka, asarar taka ce. Ni dai da zan bi ka wurin sulhun, ba zan bari ka ta da maganarsu ba.

In 'yan sanda suka riga ka, kada ka musa cewa tsabar tana hannunka, kada kuma ka sa hannu a kan bayanin da ba a karanta maka ba. Ka nemi lauya tun kafin ka rubuta komai.