Ku Tambayi Malam: Wane Littafi Zan Ɗauka a Wannan Kulle?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Tun da aka sa dokar kulle saboda cutar korona a Kano ranar 16 ga Afrilu, 2020 ina gida, ga azumi ya shigo, ga yara huɗu a kaina. Wayar nan tana neman haukata ni, duk saƙon da na buɗe rasuwa ce. Rabona da karanta littafi tun ina sakandare. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya bar kwali guda na littattafan Hausa a ƙarƙashin gado. Da wanne zan fara? Daga mai bibiyarka a Gwammaja.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Mutumin da ya bar wa 'ya'yansa kwalin littattafai ya bar gado, ko da gara ta ɗan taɓa gefensa.

Ka jawo kwalin ka kakkaɓe ƙura. Ban ga abin da ke ciki ba, amma zan iya cewa kusan duk dattijon da ya yi elementare a ƙasar nan yana da Magana Jari Ce. In ka same shi, ka fara da littafi na ɗaya, kuma ga dalilina. Na shekara talatin da ɗoriya ina koyar da shi a aji, amma sai a makon jiya, ina zaune a soro babu mai shigowa, na lura cewa ashe littafin kulle ne. Ka tuna yadda Abubakar Imam ya ƙulla shi: Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, ya ce kada ya kuskura ya fita. Waziri kuma yana waje yana kitsa masa makirci. Kullum dare Musa sai ya yi shiri zai fice, aku kuwa sai ya tare shi da labari, yana ƙare wannan yana ɗauko wancan, har gari ya waye. Wato tun 1937 da littafin ya fara fitowa aikinsa ke nan, ya zaunar da saurayi mai zafin kai a gida har haɗari ya wuce. Kai ne Musa yanzu, korona ce Waziri.

Wani abin da ya sa na zaɓar maka shi, labaransa gajeru ne. Wanda ya yi shekara ashirin bai karanta komai ba sai rasiɗi da saƙon waya, kansa ba zai ɗauki dogon zance a tashin farko ba, balle da ƙishirwar watan Afrilu. Labari ɗaya ka gama shi kafin a ɗumama kunu. Kada kuma ka karanta a zuci. Bayan an sha ruwa an yi asham a gida, ka tara yaran da mahaifiyarsu a tsakar gida ka karanta da ƙarfi, ka canza murya in Waziri zai yi magana. Ni na gwada da jikokina labarin Kalala da Kalalatu, matar da ta cinye kajin da aka soya wa baƙo sannan ta tsorata shi cewa mijinta zai yanke masa kunne. Ƙaramarsu ta yi dariya har da shaƙewa. Kuskurena ɗaya, na karanta shi da la'asar, kowa da azumi a baki, ana ta zancen soyayyar kaza. Hajiya ba ta yafe mini ba har aka kira magariba.

In kun ƙare na ɗaya, Ruwan Bagaja ne na biye, shi ma na Abubakar Imam. Siriri ne, zama biyu ya ishe shi. Yana cikin littattafan da suka fito daga gasar rubuta labarai da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tauraron labarin, Alhaji Imam, ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, a hanya kuma suna ta yi wa juna ƙeta shi da Malam Zurƙe. A lokacin da duniya duka ke neman magani, ba laifi mutum ya yi dariya da wani mai neman magani.

Shaihu Umar kuwa, ka ajiye shi tukuna. Littafi ne mai kyau, a ganina ma ya fi sauran nutsuwa da tsabtar Hausa. Amma labarin bauta ne, da uwa da ke ƙetare hamada tana neman ɗanta, ta kuma rasu jim kaɗan bayan ta gan shi. Kai da ka ce rasuwa ta cika maka waya, ba yanzu ba. Haka Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi, in suna ciki: ka rera su da hantsi, lokacin da zuciya take da ƙarfi, domin akwai baitocin mutuwa da hisabi da ba a kwanciya barci da su a irin wannan wata. In kuma ka ci karo da Dare Dubu da Ɗaya, ka ɗora shi can saman sif. Akwai wuraren da ba na kunnen yara ba ne, mu ma a ɓoye muka karanta.

Kai kanka, idan yara sun yi barci, ka duba ko akwai Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Labarin fasa-ƙwauri ne da masu kuɗin da hukuma ke jin nauyinsu. Ɗan Kwari ba ya buƙatar in yi masa sharhi.

Ban manta da Alƙur'ani ba, ban sa shi a layi ɗaya da waɗannan ba ne kawai. Izu sittin ne, izu biyu a rana ka sauke a watan. Ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan azahar. A wannan azumin na 2020 babu zuwa tafsiri a masallaci, babu cinikin salla da ke hana 'yan kasuwa zama, don haka uzurin da kake bayarwa duk shekara ya faɗi. Wayar kuma ka ba uwargida ta riƙe maka daga magariba zuwa safe. Duk wanda ya rasu za ka ji da safe, ka yi masa addu'a da hankalinka a jikinka.

Tambaya: Malam, barka da shan ruwa. Ni ɗaliba ce, an killace ni kwana 14 a ɗaki ni kaɗai saboda na yi mu'amala da wadda aka samu da cutar korona. Lafiyata ƙalau. Littattafan da ake turowa a WhatsApp nake ta karantawa har idona yana ciwo, kuma wallahi ina gamawa nake mantawa. Mamana ta ce ɓata lokaci ne. Haka ne? Daga 'yarka a Katsina.

Amsa: Barka kadai 'yata, Allah ya fito da ke lafiya. Ba zan shiga tsakaninki da mahaifiyarki ba, amma ki gaya mata cikin ladabi cewa abin da ake faɗa kan marubutan waya yau, shi aka faɗa kan littattafan soyayya na Kano shekara talatin da suka wuce, ga shi yanzu ana rubuta digiri a kansu a Bayero da Zariya. A cikin na waya akwai masu alƙalami, akwai kuma masu jan labari kamar ƙosan roba don kada a fita daga gurup. Alamar na biyun ita ce wadda kika faɗa da bakinki: kin gama, babu abin da ya rage. Idan kin kai shafi na goma ba ki damu da abin da zai sami kowa a labarin ba, ki rufe. Ba bashi kika ci ba.

Tunda ana ajiye miki abinci a bakin ƙofa, a haɗa miki da littafin takarda. Ido zai huta, ba ruwanki da cajin waya ko ɗauke wuta. Ki tambayi mamanki da ƙannenta, da wuya a rasa mai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a ƙasan akwati, wataƙila ma ita mai faɗan ce. Amma wanda na fi so ki karanta shi ne Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Rabi ce mijinta ya kora da 'ya'ya tara saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Babu gidan bene mai hawa uku, babu saurayi mai jirgin sama, amma za ki fito daga ɗakin nan kina tuna ta. In an dace da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, ki haɗa da shi, ki ga yadda mace ta rubuta soyayyar Bafulatana tun ba a haifi masu turo miki saƙo ba.

Sannan ki nemi littafin rubutu mai shafi arba'in da biro. Kowane dare ki rubuta rabin shafi: abin da kika ji ta taga, abin da aka dafa, wanda ya kira ki da wanda bai kira ba. Ranar da kika cika kwana 14 ki aiko mini da shafi ɗaya, wanda kika fi so, in edita ya yarda mu buga shi a nan ba tare da sunanki ba.