Amsa kan tsohon keken marigayi Baba

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari saƙonka inda kake tambayar nawa za a kashe a sake wa keken marigayi Baba fenti, Allah Ya jiƙansa. A fahimtata, abin da kake son sani shi ne ko keken nan zai sake hawa titi, ko kuwa a miƙa shi ga masu sayen tsohon ƙarfe. To, zai hau, da yardar Allah, amma ka ajiye zancen fenti tukuna, domin shi ne aiki na ƙarshe.

Na duba hoton da ka turo, kuma tambarin tsuntsun nan da ke goshinsa yana nuna Raleigh ne na Nottingham a Ingila, inda aka daina haɗa su a 2002. Ka samu tsumma da kananzir ka goge cibiyar ƙafar baya. Idan mai giya uku ce ta Sturmey-Archer, za ka ga an buga shekara da wata a jikin ƙarfen, misali 68 da 5, wato watan Mayu na 1968. Muddin ba a taɓa sauya ƙafar ba, ka san shekarun keken ke nan. Akwai kuma ɗan murfi a jikinta inda ake ɗiga mai, kuma mai mara kauri take so. Wanda ya cusa mata giris ya danƙare ƙananan haƙoran da ke ciki, sai mutum yana taka feda yana jin ta tafi a banza.

Abin da na fi ja maka kunne a kai shi ne zare. Tsohon Raleigh yana da nasa zaren, wato layukan da ake murɗa noti a kansu, 26 a kowane inci, alhali yawancin kayan da ke kasuwa 24 ne, kuma da ido ba za ka bambance su ba. A bara wani dattijo daga Aboabo, a nan Kumasi, ya kawo mini nasa, bayan wani yaron bakanike ya ɗaura masa kofin tsakiya, wato wanda ke riƙe sandar da feda ke juyawa a kanta, mai zare 24 da ƙarfin tsiya, har da zura bututu a sifana don ya ƙara ƙarfi. Da zaren ya cinye, sai ya kawo walda ya liƙe, ya kuma ɗiga wata waldar a kan kotar feda, wato 'yar ƙusar da ke riƙe hannun feda, wadda ake fitarwa da guduma da ɗan haƙuri. Keken da ya fi yaron nan shekaru, ya yi zirga-zirgar Asawase da Kejetia tun ba a haife shi ba, a yini guda aka nakasa shi, kuma aka karɓi kuɗin aiki. Har yanzu firam ɗin yana rataye a zaurena, ina ganinsa raina yana ɓaci.

Batun taya kuma, ka nemi 28 x 1½, irin ta Phoenix ɗin Sin da Hero na Indiya. Kekunan gwanjo da ake saukewa daga Turai su ma akan ce tayarsu 28 ce, amma faɗin bakinta milimita 622 ne, naka kuwa 635, don haka ba za ta shiga ba ko an yi dambe da ita. Birkin sanda ne da shi, saboda haka sai an daidaita gargaren sosai kafin ya kama. Sirdin fata kuma kada ka jefar, ko da ya bushe ya tsattsage a gefe.

Game da lokaci, kun sani ranakun aiki ina shago, keke sai Asabar bayan La'asar da kuma Lahadi, don haka ba na yi wa kowa alkawarin mako guda. Kuɗi ma ba zan yanke ba sai na kwance shi na ga abin da tsatsar daminar Kumasi ta ci a cikin murfin sarƙa. Ka ɗora shi a aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ka kawo ranar Asabar, kada ka hau shi, kuma ka haɗo da duk wani noti ko ƙararrawa da ka tarar a ɗakin Baba, ko da ka ga kamar ba su da amfani.