Maruƙana sun daina girma tun shigowar bazara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da maruƙa huɗu a gida, 'yan wata bakwai zuwa tara. Tun Maris suka tsaya cak, ƙashin ƙugu ya fito, ga shi ban rage musu ƙulin auduga da harawa ba. Maganin tsutsar ciki ma na ba su. A rumfar kwano suke wuni. Me ke cin su? Daga wani mai kiwo, Garwa, Kamaru.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Rumfar nan ta kwano ita ta fara tsaya mini a rai. A Garwa, watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, zafin jikin maraƙi mai lafiya kuwa bai cika wuce 39 da rabi ba. Je ka tsaya kusa da su bayan azahar: wuya a miƙe, baki a buɗe, yawu na dalala, haƙarƙari na bugawa kamar zugazugin maƙera. Maraƙin da ke wannan haki ba zai ci ba. Narkar da ciyawa a tumbi kanta zafi take haifarwa, shi ya sa dabba ke ja da baya daga abinci. Ɗan abin da ya ci ma, ƙarfinsa ya tafi wurin sanyaya jiki, tsokar cinya da ta gadon baya ta zaizaye.

A Masar da Indiya, inda ake kiwon ɓauna a gida, abin ya fi muni: fata baƙa, ƙofofin gumi kaɗan, dole a kai su ruwa ko taɓo su kwanta. Shanunmu masu tozo, Gudali da jajayen Mbororo, sun fi juriya, amma ƙananansu na jin jiki.

Ina yaro a Marwa, mahaifina ba ya ɗaure maraƙi sai a gindin darbejiya, randar ruwansu kuma a binne take rabi cikin yashi. Ka yi haka. In babu itace, shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwanon, ka buɗe gefe iska ta ratsa. Ruwa kada ya yanke, kuma kada ya wuni a rana cikin duro. Maraƙi mai kilo 100 zai sha lita 10 zuwa 15 a irin wannan zafi. Ƙulin ka maida shi asuba da bayan magariba, ka ajiye musu 'yar kanwa da gishiri.

In ka ga zawo, tari, ko kaska ta yi yawa, wannan ya wuce zafi, kira malamin dabbobi a ranar.