Tambayi Likita: masu shirin hawa tsaunukan Italiya, ga amsoshinku

Tambaya: Salam likita, ni dalibi ne a Torino, abokaina sun shirya zuwa kwarin Valsavarenche lokacin hutu mu ga namun daji, mu taka da kafa har masaukin Vittorio Emanuele. Ni AS ne a gwajin jinin sikila, akwai matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam dan uwa, gara da ka tambaya. Kauyen Pont inda titin mota ya kare yana kusan mita 2,000 sama da teku, masaukin da kake fada ya haura 2,700, kan dutsen Gran Paradiso da ke saman masaukin kuma 4,061 ne. Jos da muke cewa tana kan tudu wajen 1,200 ce fa. Mai AS a kasa lafiyarsa kalau, da yawa ma suna hawa su sauko ba abinda ya samesu, amma can sama oksijin yana raguwa, idan ka hada da gajiya da rashin shan ruwa sai jajayen kwayoyin jini su lankwashe su toshe hanyoyin jinin saifa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a ciki bangaren hagu karkashin hakarkari, wani lokaci har ya harba kafadar hagu, ga amai. Idan kaji haka kada kace bari in daure don kar abokai suyi min dariya, ka tsaya, a kira lambar gaggawa 112, a saukar da kai. Kuma da bakinka ka fadawa likitan can cewa kai AS ne, don ba lallai abin ya zo masa a rai da wuri ba. Ka hau a hankali kana kurbar ruwa. Mai SS ko SC kuwa, wato mai cutar sikila, ni dai ban bashi shawarar wannan hawan ba sam.

Tambaya: Likita maigidana yanada hawan jini amma ya dage sai ya bi yaranmu, ya zanyi?

Amsa: Hajiya indai yana shan maganinsa kuma awon yana daidai zai iya zuwa, amma ya fara ganin likitansa, ya tafi da na'urar awo don jini kan dan hau a can. Ku kwana a kauyen Dégioz da ke kwarin Valsavarenche tukunna, wajen mita 1,500, jiki ya saba. Ciwon tsauni yafi farawa daga 2,500, ciwon kai, tashin zuciya, kasala, barci ya gagara. In ya fara kar ya kara hawa. In kuwa yana haki alhali yana zaune, ko tari mai kumfa, ko yana tangadi maganarsa na rikicewa, to saukowa ce nan take ko da dare ne. Akwai maganin acetazolamide na rigakafi amma kar ya siya da kansa, yana iya cin karo da wasu magungunan hawan jini.

Tambaya: Ruwan koramun can garai garai yake, zan iya sha?

Amsa: Idonka ne ya ganshi garai. Sama da kai akwai shanu suna kiwo, ga akuyar dutsen nan mai manyan kaho da suke kira stambecco, wadda don kareta aka kafa gandun dajin Gran Paradiso a 1922, duk kashinsu ruwan yake gangarowa. Kwayar cutar giardia kadai ta isa ta saka gudawa da kumburin ciki na sati da sati. Ka tafasa ko ka cika gorarka a masauki. Da yamma kuma ka duba jikinka ko kaska ta makale, bayan gwiwa, hammata, matsematsi, in ka ganta ka kamo kanta da hantsaki ka ja a mike, banda matse cikinta ko diga mata mai.

Tambaya: Ni baki ne wuluk, sai na shafa man kariyar rana?

Amsa: Eh malam, shafa. Duk mita 1,000 hasken UV, wato hasken rana mai kona fata, na karuwa da kusan kashi 10 cikin 100, dusar kankara kuma dawo maka dashi takeyi a ido. Ka hada da bakin tabarau da man lebe, da rigar sanyi a jaka ko a watan Yuli ne.